Kwandon Ganye a Kan Gungume

Ran nan jikana ya zo ya cusa min waya a hanci, wai in kalli wani ɗan dambe da ake yayi. "Tsoho, duba nan. Wannan haɓarsa ƙarfe ce, an yi ta zuba masa ko gezau bai yi ba." Na karɓa na kalla. Fili ne an kewaye da igiya, ga fitilu, ga alƙali da usur a baki, har da wani mai farar riga riƙe da 'yar tocila yana leƙa idon mutum in an tashi turmi. Yaron kuwa ya sha duka, ba ƙarya, kuma bai faɗi ba. Na ce, "To ina bidiyon washegari?" Ya ce wane washegari kuma? Na ce na safiyar da ya tashi zai zura ƙafa a takalmi. Ya yi min irin kallon da ake yi wa wanda rikicin tsufa ya fara taɓawa, ya fizge wayarsa ya yi gaba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ina kamarsa haka na ɗauka, cewa wanda bai faɗi ba shi ne mai cin duka. Da wannan tunanin na kusa kai abokina kabari.

A kasuwar lemo ta Zuba na yi samartakata. Lokacin Abuja ba ta gama zama Abuja ba, duk inda ka juya jar ƙasa ce da katafila, gine-gine sun yi rabi sun tsaya suna hamma. Mu leburori ne, kowa da garin da ya baro. Tun rana ba ta fito ba za ka ji tireloli suna huci a bakin titin Kaduna, direbobin Binuwai suna ta danna hon kamar mu muka hana su barci. Ƙamshin abarba ta nan, tsamin ruɓaɓɓen lemo ta can, ƙudan zuma na biye da kai kamar kai ne sarkinsu. Sai a jingina katako guda daga bakin mota zuwa ƙasa, faɗinsa bai fi tafin ƙafa biyu ba, in an taka tsakiyarsa ya lanƙwasa ya yi kuka. A kansa ake saukowa da kwando a ka, ɗaya bayan ɗaya, ana waƙa ana zage-zage. Yanzu in na je, buhu ake jefowa wasu yara suna tarewa da baro, kowa da abu toshe a kunne, ba mai tsokanar wani. Mu a lokacinmu in hantsi ya yi ba a zagi tsohuwar rigarka ba, to bincika, an daina yi da kai.

Ni ba ni da ƙarfin ɗauka, tsinke ne ni, don haka a saman mota ake ajiye ni in cika kwando in ɗora wa mutum a ka. Abin da Allah ya hana ni a damtse ya zuba min a baki. Rediyo ake kirana. Daga aji huɗu aka koro ni, ba don daƙiƙanci ba, tafiyar hedimasta nake kwaikwaya ban san yana tsaye a bayana ba. Abokina kuwa Gungume, ɗaki ɗaya na langa-langa muke kwana, kwano ɗaya muke sa hannu. Gajere ne, baƙi, wuya babu, kamar an ɗauko kan an dasa a kafaɗa. In ya yi magana biyar a wuni to ranar ya yi surutu. Leburanci na safe ne kawai a wurinsa, sana'arsa ta gaskiya dambe ce, da ita yake ci, da ita yake aika wa tsohuwarsa abin masarufi. Shi hannu, ni baki. Haka muka raba aikin.

Bayan kasuwa akwai wani fili, inda yanzu aka dasa gidan mai da jerin shaguna masu gilashi. In la'asar ta sakko sai kalangu ya fara kira. Wallahi har yau in na ji kalangu daga nesa ƙafata ce ke fara amsawa kafin kunnena. Mahauta su wanke hannu su taho, direbobi su hau saman motocinsu, mai rake da mai gyaɗa su kewaye, Gwarawa masu dawowa daga gona su sauke itace su tsaya. Ba igiya, mutane ne katangar. Ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da zare har ya zama kamar taɓarya, ɗayan a buɗe yana karewa. Turmi uku ake yi, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Gungume kuwa ba ya kaucewa, ba ya wannan 'yar rawar da samari ke yi. Zai tsaya ne ka yi ta jibgarsa har hannunka ya mutu, sa'annan ya ɗaga nasa sau ɗaya. Ba a taɓa kashe shi ba. Ni kuma ina kewaya fili ina tsage maƙogwaro: "Gungume, a buge ka a tafi wurin mai ɗori! Gungume, ƙofar da ba ta buɗuwa!" Mutane su ɗauki ihu. In ana dukansa ni daɗi nake ji, don kowane naushi da ya shanye kirarina ne ke ƙara tsada.

Mutum ɗaya ne ba ya ihu, ubangidansa a dambe, Baba Mai Zare. Tsohon ɗan dambe ne, hancinsa ya kwanta, kunnensa ɗaya ya dunƙule kamar busasshen tumatir. Shi ke naɗa wa yaransa zare da hannunsa, kuma a al'adar wurin in ubangidanka bai naɗa maka ba, ba ka shiga fili, ba kuma wanda zai tsallake shi ya naɗa maka. Abin mamakinsa, in ana dambe ba ya ma tsayawa kallo sosai, goro yake ɓarewa. Kallonsa na safe ne. Duk yaron da ya yi wasa jiya, washegari sai Baba ya zo ya zauna gindin mangwaro kusa da mota, asuwaki a baki, ya zuba wa katako ido. Na taɓa ce masa, "Baba, kai kaɗai ne ke biyan kuɗin mota ka zo kallon lebura." Ya ce, "Rediyo, a fili kowa namiji ne, kiɗa ne ke riƙe da shi. Da safe babu kiɗa." Ya nuna min da bakin asuwaki. Wanda duka ya wuce masa, ƙafarsa ta san katako, ba sai ya duba ba. Wanda duka ya zauna masa a ciki, babban yatsansa zai riƙa lalube kafin ya taka. Wani lokacin sai ya bari yaro ya kai tsakiya inda katakon ke lilo, ya kira sunansa daga baya. In ya amsa yana tafiya, shi ke nan. In ya tsaya cak ko ya yi tangaɗi, to zarensa ya koma jaka sai wata ya zagayo, ko kuka zai yi. Yakan ce ya fi son yaron da za a kashe ya tashi yana kaɗe wando, a kan wanda zai tsaya ya kwashe duka ya tafi da shi gida. Ni dai na ɗauka tsufa ne ke damunsa.

Wata rana aka haɗa Gungume da wani dogo mai hannun hagu. Turmi uku babu kisa, amma abin da Gungume ya sha a kai ranar ko jaki ba zai ɗauka ba. Ina jin ƙarar daga inda nake tsaye, kamar ana sara kabewa. Bai faɗi ba. Fili ya kaure. Nan take wani Alhaji dillalin abarba ya tashi ya ce ya sa sabon babur, mako mai zuwa a kawo Ɗan Abaji, wanda a lokacin duk yankin nan ba mai son jin sunansa, a haɗa su da Gungume, wanda ya yi kisa ya hau. Babur fa! Tun kafin a watse na gama raba shi a raina: ni zan riƙa acaɓa da shi, Gungume ya huta da kwando, tsohuwarsa ta samu rufin kwano. Har budurwar da zan fara ɗauka na zaɓa.

Da safe Baba ya makara, an yi rasuwa a layin mahauta ya tsaya jana'iza. Na cika kwando na ɗora wa Gungume. Ya yi taku ɗaya, biyu, na uku sai ya ajiye ƙafa a iska, gefen katakon, kamar yana ganin wani katakon daban a wurin. Ya tafi gaba ɗaya. Lemo ya watse har ƙarƙashin motoci. Leburori suka bushe da dariya, wani ya ce yau dai an kashe Gungume, katako ya yi abin da maza suka kasa. Ni ma na yi dariya, na fi kowa ma. Amma na ga yadda ya tashi yana murza ido da bayan hannu. Na sauko na raɗa masa, "Lafiya?" Ya ce, "Biyu nake gani." Sai ya kama hannuna ya matse. "Kar Baba ya ji."

Hantsi ya ɗaga sai ga Baba. Kafin ya zauna labari ya riga ya iso masa. Ya ce, "Na ji yarona ya faɗi." Na yi wuf na ce, "Baba, ɓawon ayaba ne, wani ɗan iskan direba ya ci ya yar a kan katako. Ayaba kuwa ko kai ta samu sai ta kashe ka turmin farko." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "A ɗora masa ya sauko in gani." To a ƙasan kowace mota akwai busasshen ganyen ayaba da ake shimfiɗawa don kar lemo ya fashe. Na juya baya, na danƙara ganyen nan a kwando har kusan baki, na jera lemo a sama ya yi tozo kamar na gaske. Na ɗora wa Gungume har da nishin ƙarya. Kwandon da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Da ya ji ba nauyi sai ya samu damar sunkuyar da kai kaɗan yana satar kallon ƙafarsa. Ya kai tsakiya Baba ya kira shi, ya amsa, ya sauka lafiya. Baba ya daɗe yana tauna asuwaki. Ya dubi Gungume, ya ɗago ya dube ni a saman mota. Ni kuwa na ƙame ina fito. Ya ce, "To." Ya tashi ya tafi. Ranar ji nake duk Zuba ba mai wayona.

Kwanakin da suka biyo baya ne suka hana ni sakat. Ni ke kwana da shi, ni ke ganin abin da Baba ba ya gani. Ya ɗauki buta zai zuba ruwa a kofi ya zuba a tabarma. Muna sallar magariba ya tashi zai ƙara raka'a ta huɗu sai da na ja rigarsa. In rana ta yi zafi ya runtse ido ya dafe ƙeya. Duk wanda ya lura sai in rufe da wasa, in ce Gungume soyayya ce ta kama shi. Kullum kuma ganye nake cika masa. Akwai wata mai abinci da muke ci a wurinta, Mama Ladi, mutuniyar kudancin Kaduna, ta ɗauke mu kamar 'ya'yanta, in ka yi mata rashin kunya da ludayi take ramawa. Ana gobe wasan ta ja ni bayan rumfa ta ce, "Kai Rediyo, zo nan. Abokinka kanta ba daidai ba fa. Ya ci tuwo ya wanke hannu, ya fita ya dawo wai in zuba masa bai ci ba." Na ce, "Mama, miyarki ce ta yi daɗi, dabara ce." Ta ɗaga ludayi. "Ka daina wannan bakin. Ƙanena haka ya yi bayan ya faɗo daga kan gini, muna cewa ya warke. Idan wannan yaro ya mutu gobe, kai za ka je ka gaya wa mamanta, ba ni ba. Kuma ka je da wannan dariyar naka." Na juya na tafi, ko tuwon ban tsaya ci ba.

Ranar wasa filin bai taɓa cika haka ba. Har daga Suleja da Gwagwalada an zo. An kafe babur a tsakiya, an ɗaura masa jan ƙyalle, rana na dukan tankinsa. Ɗan Abaji ya shigo yana taku ɗai-ɗai, damtsensa duk tsagar magani, makaɗa suka koma kansa. Ba shi da tsayi sosai, amma na ga yadda yake jujjuya hannun nan, na tuna ƙarar kabewa. Mu muna gefe gindin wata bishiya. Gungume na zaune a kan turmi ya miƙa hannu, Baba ya sa ƙyalle ya fara naɗa zare, yana ja yana tofa addu'a. Aikina a lokacin shi ne in shiga fili in fara kirari in zagi mutanen Abaji. Har na taka, na dawo. Na sake takawa, na dawo. Baba bai ɗago ba ya ce, "Yau batir ya mutu ne?" Na tsuguna. Na ce, "Baba, kwandon nan na ran nan, ganye ne." Hannunsa ya tsaya. Na ce, "Duk na satin nan ganye ne. Ba ayaba a katako. Biyu yake gani."

Gungume ya ce, "Ƙarya yake, Baba. Ka san bakinsa." Baba ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban fuskarsa ya ce taɓa. Gungume ya kai hannu ya kama iska a gefen yatsan. Shi ke nan. Baba ya fara warware zare, a hankali, yadda ya naɗa. Gungume yana roƙo, ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. "Baba, turmi ɗaya. Baba, ga mutane. Baba, don Allah." Baba ya ce, "Ni na karɓe ka daga hannun uwarka da ƙafarka, da ƙafarka zan mayar." Ni kuma don rashin hankali sai na matso na dafa shi, wai zan ba shi baki. Zaren bai gama warwarewa ba. Ban ga tahowar naushin ba. Abin da na sani, na farka Mama Ladi na sheƙa min ruwan wanke kwano, bakina cike da ƙasa, haƙorina ɗaya ya yi ƙaura. Biyu yake gani amma ni bai kuskure ni ba. Baba ya leƙo fuskata, ya ɗaga min fatar ido da babban yatsa ya ce, "Kai dai ba ka cin duka ko na anini. Amma naka ya wuce, gobe ka hau mota."

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Fili ya ɗauki ihun Gungume ya ji tsoro, Gungume ya gudu. Mutanen da jiya suke ɗaga shi sama su suka riƙa jifansa da ɓawon rake. Aka nemo wani ya shiga, Ɗan Abaji ya kashe shi turmin farko ya hau babur ya tafi. Baba ya ce a jira wata ɗaya, wata ya zama uku, katako bai taɓa gamsar da shi ba, kuma daga ranar shi da kansa yake ɗaga kwandon ya ji nauyinsa kafin a ɗora. Bai sake naɗa wa Gungume zare ba har ya bar duniya. Gungume ya kwashe tabarmarsa daga ɗakinmu. In mun haɗu a hanya ya tsallaka titi. Ya yi aure ba a gaya min ba, aka yi sunan ɗansa na fari na ji a bakin mutane. Ni ma kirari ya fita daga raina, na koma kwandasta, na yi gadi, na yi tura baro a Wuse, bakin dai bai mutu ba amma bai sake samun abin yabo irin wancan ba. Sai a jana'izar Baba muka tsinci kanmu kafaɗa da kafaɗa a sahu. Da aka shafa ya miƙo min hannu bai kalle ni ba.

Yana nan da ransa. Yana da rumfar kankana a Zuba, 'ya'yansa ke sayarwa, shi yana zaune a benci da jikoki suna hawa bayansa. Hannunsa na rawa kaɗan in zai kai shayi baki, kuma har yau ba ya son rana tsaka. Duk Juma'a in na samu mota nakan je. Zai sa a yanka min kankana, ya zaɓo mai ja, ya jira sai na cika baki sa'annan ya ce, "Rediyo, da ka rufe bakinka ranar nan, da na kashe shi." In ce, "Da ka kashe shi mana, wa ya isa." Mu kalli motoci. Wani ya zo taya kankana, a yi ciniki a gama. Can sai ya juyo, fuskarsa sabuwa fil, kamar yanzu abin ya faɗo masa, ya ce, "Rediyo, da ka rufe bakinka ranar nan, da na kashe shi."

In ajiye ɓawon, in goge baki, in ce, "Da ka kashe shi mana, wa ya isa."